Likitan Haƙori Ma Yana Bukatar Mai Tsaya Masa



A ƙasar nan in aka ambaci sandika, abin da ke fara faɗowa a ran mutane shi ne yajin aiki: ofisoshi a rufe, malamai a gida, manyan shugabanni suna jawabi a rediyo. Ba a cika tunawa da ɗan ƙaramin mutumin nan da ke can ƙasa ba, watau delege, wakilin da ma'aikata suka zaɓa daga cikinsu a wurin aiki. Alhali kuwa ranar da aka kira ma'aikaci ofishin maigida aka rufe ƙofa, babban sakataren ƙungiya yana can babban birni bai ma ji labari ba, delege ne kaɗai ke kusa. Don mu ga girman wannan aiki sosai, yau zan ɗauke ku zuwa Birtaniya, mu duba yadda abin yake a wata sana'a wadda ba wanda zai zaci masu yin ta suna bukatar mai tsaya musu, watau likitancin haƙori.

Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Birtaniya, wadda aka fi sani da BDA, an kafa ta ne a 1880, shugabanta na farko kuwa shi ne Sir John Tomes, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi faɗi-tashi har majalisa ta yi dokar 1878 wadda ta buɗe rajistar likitocin haƙori. Wannan ƙungiya riga biyu gare ta. Ƙungiyar masana ce mai fitar da mujallar ilimi da shirya kwasa-kwasai, kuma ƙungiyar ƙwadago ce mai rajista, wadda ke zama da gwamnati kan albashi da sharuɗɗan aiki. Kada a haɗa ta da hukumar GDC da aka kafa a 1956. Ita wannan hukuma aikinta kare jama'a ne, ita ke riƙe da rajista, ita ke hukunta likitan da ya yi ganganci, har ta kan soke sunansa ya daina aiki. Ƙungiya ta likita ce, hukuma kuwa ta mara lafiya ce, kuma kowace da ranarta.

To, a cikin hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, wadda ta fara aiki a 1948, akwai likitocin haƙori masu cin albashi kamar kowane ma'aikaci. Wasu a manyan asibitoci suke, wasu kuma a ƙananan ɗakunan shan magani na unguwanni, inda ake duba mutanen da likitan kan titi ba ya iya ɗauka: naƙasassu, tsofaffin da ba sa iya fita daga gida, yaran da sai an sa su barci kafin a cire musu haƙori, da marasa wurin kwana. A irin waɗannan wurare ne 'yan ƙungiya ke zaɓen ɗaya daga cikinsu ya zama wakili, ƙungiya ta ba shi horo, ta kuma sanar da masu gidan aiki cewa ga mutuminta. Shi ma likita ne, da safe yana cike ramin haƙori kamar kowa, kuma ba a ƙara masa ko sisi don wannan ɗawainiya. A bayansa akwai jami'an ƙungiya na cikakken lokaci, masana dokar ƙwadago, waɗanda yake tuntuɓa in magana ta fi ƙarfinsa.

Me ya sa ba za a bar wa waɗannan jami'ai aikin duka ba? Hausawa sun riga sun ba da amsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'in da ke Landan ya san doka, amma bai san cewa injin dafa kayan aiki na ɗaki kaza ya yi wata biyu yana ba da wahala ba, bai kuma san an ƙara yawan masu jiran layi ba tare da an ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce an aiko wa wata likita takarda, ana kiranta ta bayyana gaban kwamitin ladabtarwa saboda wani ya kai ƙararta. Dokar 1999 ta dangantakar ma'aikata da masu ba su aiki, a sashe na 10, ta ba ta dama ta shiga da ɗan rakiya, ko abokin aiki ko jami'in ƙungiya. Dokar ta fayyace abin da ɗan rakiyar zai yi. Yana iya gabatar da hujjojinta, yana iya taƙaita su a ƙarshe, yana iya mayar da martani ga ra'ayin da aka faɗa a zaman, yana kuma iya yi mata raɗa a shawarta. Amma ba zai amsa tambayar da aka yi mata ita kanta ba. In kuwa ranar da aka sa ba ta dace da shi ba, tana iya neman a ɗage zaman zuwa wani lokaci cikin ranakun aiki 5, kuma tilas a ɗage muddin lokacin da ta kawo mai ma'ana ne.

Wanda bai taɓa zama a irin wannan kujera ba zai ga kamar abin wasa ne. Mutum komai iliminsa, in aka zaunar da shi gaban manyansa uku ana karanto masa laifi, bakinsa bushewa yake yi, ya manta ranaku, ya amsa abin da ba a tambaye shi ba, wani lokaci ma ya sa hannu a takardar da bai karanta ba don kawai a sallame shi. Wakili shi ne mai sanyin kai a ɗakin. Shi ke tambaya ko an ba ta kwafin ƙarar a kan lokaci, ko an ji ta bakin ma'aikaciyar jinyar da ke wurin ranar da abin ya faru, ko wanda ya yi bincike shi ne kuma zai yanke hukunci. Ga likita kuwa abin ya wuce rasa aiki a wuri guda, domin magana tana iya tashi daga asibiti ta isa gaban GDC, in kuma aka soke suna, karatun shekara 5 da duk abin da ya biyo baya sun tafi ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin wakili shi ne wanke mai laifi. In likita ya yi sakaci ya cuci mara lafiya, ba wakilin da zai iya mayar da baƙi fari, kuma wakilin kirki shi ke fara gaya masa gaskiya a keɓe. Abin da yake tsarewa shi ne a bi ƙa'idar da aka rubuta, a ji kowane ɓangare, hukunci kuma ya yi daidai da girman laifi.

Daɗin daɗawa, mafi yawan aikin ba ya kai wa ga kwamiti. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle shugaba da na ƙasa da shi. Rigimar jadawalin aiki, hutun da aka hana, matakin albashin da aka manta ba a ɗaga wa mutum ba, mai jegon da ta dawo ta tarar an ba wani ɗakinta, duk waɗannan wakili kan kashe su da 'yar magana a ofis tun wutar ba ta kama ba. Irin wannan nasara ba a jin ta a rediyo, don haka ne ma ake raina mai yin ta.

Sa'an nan akwai ranar babbar girgiza. A Ingila aikin duba haƙoran unguwanni kwangila ce da ake bayarwa na 'yan shekaru, in wa'adi ya cika ana iya miƙa ta ga wata hukuma ko wani kamfani, ma'aikata su wayi gari da sabon maigida. Akwai dokar da ta ce su ƙaura da albashinsu da sharuɗɗansu yadda suke, ta kuma wajabta a sanar da wakilansu kafin a yi. Haka nan dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1992 ta ce duk mai niyyar sallamar mutum 20 ko fiye a wuri guda cikin kwana 90, sai ya zauna da wakilai aƙalla kwana 30 kafin sallamar farko, in sun kai 100 kuwa kwana 45. Doka dai tana nan a takarda, amma takarda ba ta magana, sai an samu wanda ya karanta ta ya kuma ɗaga hannu a taro.

Batun lafiyar ma'aikata ma haka yake. Likitan haƙori yana wuni da allura da jini da hoton ƙashi, ga ciwon baya na sunkuyo. Dokar 1977 ta ba ƙungiyar da aka amince da ita ikon naɗa wakilin kiyaye haɗari, wanda ke da damar zagaya wurin aiki ya duba kowane wata 3, in kuma wakilai biyu suka nema a rubuce, dole maigida ya kafa kwamitin kiyaye haɗari. An ga amfanin wannan a 2020, lokacin annobar korona. A watan Maris aka dakatar da aikin haƙori na yau da kullum a Ingila, ba a sake buɗewa ba sai watan Yuni, aka bar cibiyoyin gaggawa kawai, ga shi kuwa injin haƙori feshi yake yi daga bakin mara lafiya zuwa fuskar likita. Wa za a tura, wane irin takunkumi za a ba shi, mai ciki ko mai ciwon suga fa? Waɗannan tambayoyi ne da ba ma'aikacin da ke son ya yi su shi kaɗai, kada a ce masa matsoraci.

Duk wannan ɗawainiya tana cin lokaci, shi ya sa dokar 1992 ta ba wakilin ƙungiyar da aka amince da ita damar barin aiki na ɗan lokaci, da albashinsa, don hidimar wakilci da samun horo. Nan ne ake yawan ja-in-ja, domin duk awar da ya yi a taro, awa ce da ba a duba marasa lafiya ba. Masu suka suna da abin faɗa. Sai dai likitan da aka ƙuntata wa har ya ajiye aiki, kujerarsa kan daɗe ba kowa, waɗanda ke shan wahalar kuwa su ne tsofaffi da naƙasassun nan da ba su da wani wurin zuwa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mafi yawan likitocin haƙorin Birtaniya ba 'yan albashi ba ne. A ɗakunan kan titi suke aiki, masu ɗakin 'yan kasuwa ne masu kwangila da NHS, likitocin da ke ƙarƙashinsu kuwa galibi ana lissafa su a masu zaman kansu. Irin wannan likita ba shi da wakili a wurin aiki, in rigima ta tashi tsakaninsa da mai ɗaki sai dai ya buga waya ofishin ƙungiya neman shawara, kuma sau da yawa mai ɗakin ma ɗan ƙungiyar ne. Nasu yaƙin a sama ake yin sa, kan kwangilar 2006 mai biyan likita da maki, wadda a farkonta cike haƙori ɗaya da cike biyar duk maki 3 ne, sai a 2022 aka ɗan gyara. Likitoci da dama sun rage aikin gwamnati sun koma na kuɗi, har a watan Fabrairun 2024 aka ga ɗaruruwan mutane sun yi layi a birnin Biristol don yin rajista a sabon ɗakin haƙori, sai da 'yan sanda suka zo. Yajin aiki ma an yi, a 2023 likitocin haƙori masu neman ƙwarewa a asibitoci sun bi sahun takwarorinsu ƙananan likitoci, amma wannan kwanaki ne ƙidayayyu, aikin wakili kuwa na kullum ne.

Ina ruwanmu da labarin Turawa? Ruwanmu shi ne tushen abin ɗaya ne. A 1971 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 135, wadda ta ce kada a kori wakilin ma'aikata ko a cutar da shi saboda wakilcinsa, a kuma ba shi sauƙin gudanar da aikinsa. Birtaniya ta amince da ita, Nijar da Kamaru ma haka. A dokar ƙwadagon Nijar, mai kamfani ba ya sallamar delege sai da iznin sufeton ƙwadago. Likitocin haƙorinmu kuwa, da yake ba su da yawa, sandika ɗaya suke da likitoci da masu harhaɗa magani, saboda haka in ba su da mai magana a asibitin da suke, kukansu cikin na masu yawa yake ɓacewa.

Shawarata ga ma'aikata, na asibiti da na ko'ina, ita ce a daina zaɓen delege don ya fi kowa ɗaga murya ko don ɗan garinmu ne. A zaɓi mai karanta takarda, mai riƙe sirri, wanda zai iya shan shayi da darekta da safe ya kuma ce masa a'a da rana. A biya kuɗin ƙungiya tun ana zaman lafiya, domin ƙungiyoyi da yawa ba sa ɗaukar rigimar da ta riga shigar mutum, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka zaɓa kuma ya sani amana ce ya ɗauka, ranar da ya mayar da ita tsanin neman muƙami, ya ci amanar wanda ke zaune shi kaɗai a bayan rufaffiyar ƙofa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.