Ruwan Zariya: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Babu wata magana da mutanen Zariya suka daɗe suna ji daga bakin mahukunta kamar maganar ruwan sha. An yi ta a zamanin soja, an yi ta a zamanin farar hula, kowane ɗan takara kuma da ya zo neman ƙuri'a sai ya bugi ƙirji ya ce a hannunsa matsalar za ta ƙare. Amma har yau ɗin nan, daga Kongo da Gyallesu da Tudun Wada, a shiga ta Ƙofar Doka a kutsa lungunan Birni, abin da ido ya saba gani shi ne kurar 'yan ga-ruwa cike da jarkoki, da yara ɗauke da bokitai suna layi a bakin burtsatsen wani mai hali a lokacin da ya kamata a ce suna makaranta. Magidancin da bai gama da kuɗin cefane ba sai ya ware na ruwa, a gidan da kan famfo yake kafe a tsakar gida.

Wanda zai ce ba a kashe kuɗi a kan ruwan Zariya ba bai faɗi gaskiya ba. Tun 1939 Turawan mulki suka gina gidan ruwa na farko, mai iya tace lita miliyan 10 a rana. A 1975 aka tare Kogin Galma aka ƙara wani mai lita miliyan 50. A 2008, zamanin Gwamna Namadi Sambo, aka ba da kwangilar sabuwar matatar ruwa mai lita miliyan 150 a rana, wadda sai a 2017 aka buɗe ta a zamanin Gwamna Nasiru el-Rufa'i. Gwamnatin tarayya ta gina babbar madatsar Galma a Kuzuntu cikin ƙaramar hukumar Kubau, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 186. An kuma ci bashi daga Bankin Musulunci da Bankin Raya Afirka don gina tankuna da shimfiɗa bututu, da nufin ruwan ya kai ƙananan hukumomi 7, wato Zariya, Sabon Gari, Giwa, Kudan, Maƙarfi, Soba da Kubau. Wannan bashi kuwa talakan jihar Kaduna ne zai biya shi, har da jaririn da ke goye a yau.

To, a yi lissafi mai sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Ke nan sabuwar matatar ita kaɗai, idan tana aiki yadda aka tsara ta, za ta iya shayar da mutum miliyan 1 da rabi ko da an ba kowa lita 100. Abin tambaya a nan shi ne, tsakanin bakin matata da tsakar gidan mutumin Kusfa ko Kwarbai ko Limancin Kona, ina ruwan yake maƙalewa?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce rashin wutar lantarki da tsadar man injin da ƙarancin magungunan tace ruwa. Duk wannan gaskiya ne, kuma haƙƙin gwamnati ne ta magance su. Sai dai akwai wata cuta da ba a cika faɗa ba, ita ce rashin sanin abin da ke binne a ƙarƙashin garin. Bututun da ke ƙasan Zariya ba sa'annin juna ba ne. Akwai na zamanin Bature, akwai na shekarun 1970, akwai sababbi na kuɗin bashi, akwai kuma waɗanda mutane suka jona wa kansu da dare. An yi gine-gine a kan wasu, kwata ta cinye wasu, wasu kuma tsohon ma'aikacin da ya san inda suka bi ya yi ritaya ko ya riga mu gidan gaskiya, iliminsa ya tafi da shi. A irin wannan hali, duk lokacin da aka zo faɗaɗa titi ko gina lambatu, katafila tana iya tsinke bututun da ke shayar da unguwa guda, a rufe da kwalta a wuce, mutanen unguwar su wayi gari famfo ya ƙafe ba su san dalili ba.

Maganin wannan sananne ne a wajen masana, kuma bai kai tsadar gina madatsa ba. Shi ne a yi wa ruwan garin taswira cikakkiya a cikin kwamfuta. Ana ɗauko hoton gari na tauraron ɗan Adam, wanda ke nuna kowane gida da kowane lungu, sai a bi da na'urar GPS, wadda a yau take cikin kusan kowace babbar wayar hannu, a ɗora kowane bututu a inda yake, da faɗinsa da shekarunsa, a ɗora kowane makunni da tanki da famfon unguwa. A kan wannan sai a ɗora rijiyoyi da burtsatsai, da masai da kwatoci da juji da kududdufai, sannan a ɗora tudu da gangaren ƙasa da yawan mutanen kowace unguwa. Idan aka haɗa waɗannan bayanai wuri guda, abubuwan da ke ɓoye sai su fito fili. Za a ga unguwar da ke kan tudu wadda ruwa ba ya hawa saboda ƙarfinsa ya ƙare a hanya. Za a ga inda bututu ya ratsa ta cikin kwata, wanda duk sa'ad da aka ɗauke ruwa yake zuƙar ƙazanta ta wajen da ya tsage. Idan kuma aka raba gari shiyya-shiyya aka sa mita a bakin kowace shiyya, za a san adadin ruwan da ya shiga da wanda ya isa gidaje, a gane inda ake asara.

Bukatar wannan taswira ta fi tsanani idan aka dubi ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda a yau shi ne madogarar mafi yawan gidaje. Zariya a kan dutse take zaune, kuma Kufena da Madarkaci da duwatsun Tukur-Tukur shaida ne a kan abin da ke ƙasa. Irin wannan ƙasa ba ta da babban tafki a cikinta; ruwan yana taruwa ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin dutsen. Shi ya sa wani zai haƙa burtsatse ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya kashe dukiya ya tarar da busasshen dutse, shi ya sa kuma rijiyoyi da yawa suke ƙafewa daga watan Maris zuwa faɗuwar damina. Ruwan sama kimanin milimita 1,000 da ke sauka a shekara shi ne ke mayar da abin da aka zuƙe, alhali kuwa kullum ana ƙara cike kududdufai ana gini a kansu, ana shafe tsakar gidaje da siminti, ana ƙara huda ƙasa ba tare da wani ya san adadin burtsatsan da ke garin ba. Ga kuma maganar masai. Ƙa'idar masana lafiya ita ce a bar tazarar akalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. A cikin Birni, inda gida ke manne da gida, mutum zai iya nisanta rijiyarsa da nasa masan, amma na maƙwabci yana bayan katanga. Taswira ce kaɗai za ta nuna wannan, domin ita take kallon unguwa gaba ɗaya.

Wanda yake ganin wannan wasan 'yan boko ne, to ya tuna da shekarar 2021, lokacin da amai da gudawa ya kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, mafi yawansu a jihohin Arewa. Ya kuma san cewa tun 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya zana gidajen da wannan cuta ta yi kisa a kan taswirar unguwa, sai ga su sun kewaye famfo ɗaya. Bincikensa ne ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da takarda da alƙalami ya yi wannan aiki. A birnin Funom Fen na ƙasar Kambodiya, a 1993 kashi 72 cikin 100 na ruwan da ake tacewa yana salwanta ne ko ba a biyan kuɗinsa. Hukumar ruwan birnin ta bi gida-gida ta ƙidaya masu shan ruwanta, ta sabunta bututu, ta sa mita, cikin shekara 15 asarar ta sauko ƙasa da kashi 10.

Ba sai an je nesa ba ma. Daga 2012 masu aikin rigakafin shan-inna a Arewacin Nijeriya sun koma amfani da taswirar tauraron ɗan Adam da wayoyi masu GPS, suka gano ƙauyuka da rugage da taswirar hannu ta tsallake shekara da shekaru. Amma su da kansu sun san na'ura ba ta buɗe ƙofar gida. Sai da aka jawo sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai cikin aikin sannan aka kai ga nasarar da aka bayyana a 2020.

Wannan shi ne rabi na biyu na aikin, kuma shi ne wanda mahukunta suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tauraron ɗan Adam yana ganin rufin gida, amma ba ya ganin rijiyar da ke bayan ɗaki, bai san wadda ruwanta ke da zartsi ba, bai san watan da take ƙafewa ba. Matan gida su suka san wannan, su kuwa ba za a same su a taron ƙofar fada ba. Gidajen Birni gidaje ne na "ba a shiga", don haka dole a horas da mata su shiga su tambayi 'yan'uwansu mata. Ɗan ga-ruwa ya fi kowane injiniya sanin lungun da ya fi ƙishirwa, domin can yake kai kurarsa. Tsofaffin masu haƙar rijiya sun san inda ake cin karo da dutse a gaba biyar da inda ake samun ruwa a gaba uku. Mai unguwa ya san wanda ya jona bututu da wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai a sani, talakan Zariya yana da dalilin ɗari-ɗari da duk baƙon da ya gani da na'urar awo a ƙofar gidansa. Abin da ya saba gani bayan awo shi ne jan fenti a bango, ko takardar haraji. Idan aka shigo unguwa ba sallama, ba bayani, mutane za su ɓoye rijiyoyinsu, su musanta bututun da suka jona, a tashi da taswirar ƙarya wadda gara babu da ita. Wajibi ne a faɗa wa jama'a gaskiyar abin da za a yi da bayanan, kuma a cika alkawarin.

Masu iya aikin kuwa ba sai an ɗauko su daga Turai ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sassan nazarin ƙasa da duwatsu da safiyo da tsara birane da injiniyancin ruwa a Samaru, ɗalibanta kuma duk shekara suna rubuta kundaye a kan rijiyoyin Zariya da Kogin Kubanni, kundayen suna shan ƙura a kan kanta. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna. Jihar tana da hukumar KADGIS wadda ta riga ta mallaki hotunan garuruwa don aikin takardun filaye. Idan an iya auna gidan mutum don a karɓi kuɗin ƙasa, me zai hana a auna shi don a kai masa ruwa? Ga kuma Kongo kanta, wadda tun 1947 aka fara horas da ma'aikata a cikinta, ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ta yaye akawuna da alƙalai da jami'an En'e na Arewa duka. Abin kunya ne a ce a inda ake koyar da yadda ake tafiyar da ƙaramar hukuma, unguwannin da ke jikin katangar makarantar suna sayen ruwa a jarka.

Saboda haka abin da ya kamata a yi a fili yake. Na farko, hukumar ruwa ta jiha, KADSWAC, ta haɗa kai da jami'a da KADGIS a fara da yanki guda, daga Kongo da Gyallesu da Tudun Wada zuwa unguwannin da ke cikin Ƙofar Doka, domin yankin ya haɗa makarantu da sababbin gine-gine da tsofaffin lunguna, abin da aka koya a nan zai yi amfani a sauran garin. Na biyu, kowace unguwa ta kafa kwamitin ruwa da ya ƙunshi mai unguwa da limami da mata da matasa da wakilin 'yan ga-ruwa, su ne za su yi wa masu awo jagora, su kuma duba taswirar su gyara kurakuranta. Na uku, a buga taswirar kowace unguwa da Hausa a manna a ƙofar mai unguwa, tare da ranakun da za a riƙa sako ruwa da lambar da za a kira idan bututu ya fashe. Na huɗu, kada a sake ba ɗan kwangila izinin tona titi sai ya zauna da hukumar ruwa a kan taswira, wanda kuma ya fasa ya gyara da kuɗinsa kafin a biya shi. Na biyar, a yi rajistar burtsatsai kyauta, a riƙa auna ruwansu, wanda ya jona bututu ba bisa ƙa'ida ba kuma a ba shi wa'adi ya bayyana kansa a daidaita masa ba tare da tara ba.

Su ma jama'a akwai nasu. Wanda yake ganin ruwa yana malala a titi ya wuce don wai na gwamnati ne, da wanda yake zuba shara a lambatu, da mai kuɗin da ya sa injin zuƙo ruwa a kan bututu ya hana na ƙasa da shi samu, duk suna da hannu a ƙishirwar maƙwabtansu, kuma za a tambaye su. Amma babban nauyi yana kan waɗanda aka damƙa wa amanar dukiyar al'umma, waɗanda suka ci bashi da sunan talaka. An gina madatsa, an gina matata, saura a bi ruwan lungu-lungu har a ga ya zuba a tulun mai shi. Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.