Ma'aikatan Laburare Da Intanet A Yammacin Zamfara

A 'yan shekarun nan an ɗauki al'adar kiran ma'aikatan laburare zuwa kwas, a zaunar da su kwana biyu ko uku a koya musu aiki da intanet da dandalin sada zumunta, watau irin su Facebook da WhatsApp da X, wanda a da ake kira Twitter. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan laburare rajista a Nijeriya, wadda aka kafa da doka cikin 1995, ta sha shirya irin wannan taro. Haka kuma ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka mai suna AfLIA, wadda mazauninta ke Akra ta ƙasar Gana, ta soma tara ma'aikata cikin 2020 suna gyara rubuce-rubucen Wikipedia, kana ta buɗe musu kwas a kan wannan aiki. Mu dai ba mu ga laifin haka ba ko kaɗan. Abin da muke so mu duba yau shi ne, in koyarwar nan ta bar manyan birane ta gangaro ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, me ya kamata ta ƙunso. Gama abin da ya ishi ma'aikacin laburaren jami'a a Abuja ba lalle ne ya amfani malamin da aka danƙa wa mabuɗin ɗakin littattafai a wata sakandare ta Bukkuyum ba.

Dattawa cikin masu karatunmu za su tuna asalin ɗakin karatu a ƙasar nan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne aka sa En'e-En'e suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, domin jama'a su sami labarin yaƙi daga tushe, kada jita-jitar kasuwa ta ruɗe su. Cikin 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika akwatunan littattafai zuwa larduna. Zamanin Yaƙi da Jahilci kuwa Lardin Sakkwato, wanda Anka da Gummi ke cikinsa a lokacin, yana da jaridarsa mai suna Zaruma. Amma da aka gayyato wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya zaga ya duba, rahoton da ya bayar cikin 1963 ya ƙarfafa ne a kan horon ma'aikata, har ya zama sanadin buɗe sashen koyon aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1968. Watau tun a wancan zamani an gane gina ɗaki da jera littattafai ba su ne wuyar ba. Wuyar ita ce samun mutumin da zai zauna a ɗakin ya san abin da aka ajiye shi domin ya yi. To, yau ma maganar ke nan, sai dai jarida da akwatin rediyo sun koma cikin wayar hannu.

Wanda ke shakkar ko intanet na iya taɓa rayuwar ƙauye, to, ya tambayi mutanen Bagega ta ƙasar Anka. Cikin watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara ƙanana suna ta mutuwa a wadansu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Da aka bincika sai aka ga gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya kan kawo dutse gida, a farfasa, a niƙa a injin niƙa, ƙura ta bi tsakar gida da ɗaka, yara masu rarrafe su shaƙa, su kai hannu baka. Yara fiye da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta saura. Likitoci kuwa suka ce ba amfani a ba yaro magani ya koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar, tilas sai an share tukuna. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850, kuɗi suka maƙale har 2012 ta ƙare, alhali yara wajen 1,500 suna jiran magani.

Ana cikin haka wadansu samari, Hamzat Lawal na gaba, suka ta da yekuwa a Twitter da Facebook da taken a ceci Bagega, ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam suka kama musu, jaridun waje suka ɗauka. Cikin Janairu na 2013 aka saki kuɗin, a shekarar nan aka share Bagega, aka soma ba yara magani. Ba mu ce yekuwar nan kaɗai ta yi aikin ba, likitoci sun daɗe suna kuka tun kafin ta. Amma ba mai musun ta hanzarta abin.

Sai dai akwai abin lura. Daga Abuja aka yi wannan kuka, da Turanci, domin kunnen manya. Ya yi amfaninsa. Amma sauran rabin aikin, watau a gaya wa uwa da Hausar da take ji dalilin da ya sa kada a niƙa dutse a gida, kada a jiƙa shi a bakin rijiya, maigida ya wanke jiki ya sāke tufa kafin ya ɗauki ɗansa, wannan ba ya yiwuwa daga Abuja. Kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne. MSF ta miƙa aikinta na dalma ga hukumomin jiha cikin 2022, haƙar zinariya kuwa ba ta tafi tare da ita ba. A ganinmu nan ne gurbin ma'aikacin laburare. Shi ne ya kamata ya iya nemo takardar likitoci a intanet, ya tabbata ta gaskiya ce, ya kai wa ma'aikacin asibiti su mai da ita Hausa, sa'an nan ya ɗauke ta da murya, tun da yawancin masu waya a karkara sun fi sauraron saƙon murya bisa ga karanta rubutu, ya tura wa limamai da masu unguwanni da malaman makaranta. Kwas ɗin da bai koya masa wannan ba, ya tsaya ga yadda ake buɗe shafi a liƙa hoton babban baƙo yana yanka kyalle, ɓarnar kuɗin jama'a ne.

Hanyar da gaskiya ke bi kuwa ita ƙarya ke bi, har ma ta fi ta sauri. Cikin Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga wayoyin Nijeriya a dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi da asuba suna dafa ruwa, wadansu aka kwantar da su asibiti, wadansu ma suka rasa ransu, alhali cutar ba ta ko kusanci garuruwansu ba. A ƙasar da ke fama da 'yan bindiga abin ya fi haka muni. Hoton gawawwaki na wata ƙasa, na shekarun baya, sai a liƙa masa sunan ƙauyen da kowa ya sani, kafin azahar kasuwa ta watse, ko kuma a far wa bayin Allah da ba su ji ba su gani ba. Akwai hanyoyin gane irin wannan, kuma ba su da wuya: a nemi asalin hoto a ga ranar da ya fara fitowa, a duba ko sanarwar da aka jingina wa wata hukuma tana nan a shafin hukumar, a lura da wanda ya fara turo magana. Malami mai hankali zai iya wannan cikin yini guda. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne jama'a su saba da cewa in sun ji labari mai tsoratarwa akwai wanda za su tambaya, kuma in bai tabbatar ba zai ce bai tabbatar ba.

Ya kamata kuma a koya masa kame hannu. A wannan yanki fadin cewa motar wane ta tashi zuwa kasuwar Gummi, ko sojoji sun bi ta hanya kaza, ko wane ya sayar da shanu, na iya jawo asarar rai. Masu koyarwa da ke zuwa daga birni sukan ce a yawaita saka labari domin mabiya su ƙaru. Wannan shawara ba ta nan ba ce.

Ga kuma wata magana da akawuna za su fi kowa ganewa, ita ce ta ajiye lissafi. Cikin makon farko na Janairu 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum. Mazauna wurin suka ce an kashe mutum wajen 200, Gwamnatin Jiha ta ce 58. Tsakanin adadin nan biyu akwai mutane masu suna, masu iyali. Abin da aka rubuta a Facebook a makon nan ya nutse ƙarƙashin abin da ya biyo baya, wani an goge, wani wayar mai shi ta lalace. Akawun Hakimi na da, da alƙalaminsa da babban littafinsa, ya fi mu kiyaye irin wannan, shi ya sa har yau mai bincike ke zuwa gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna ya sami lissafin haraji da na jangali na gundumomi. Wa ke ajiye na yau? In an koya wa ma'aikacin laburare ya riƙa tattara sanarwar hukuma da rahoton jarida da hotuna, ya sa wa kowanne rana da inda ya fito, ya ajiye kwafi biyu a wuri biyu, jikokinmu za su gode masa, ko da a yau ba a fitar da abin fili ba saboda tsaro.

Mun ce ya ajiye, domin intanet a Zamfara aro ce, mai abu na iya karɓe kayansa. A farkon Satumba na 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta umurci kamfanoni su rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An buɗe wa Gusau a farkon Oktoba, sauran wurare suka daɗa jira makonni. Mutane har tafiya suka riƙa yi zuwa maƙwabtan jihohi domin su buga waya. A cikin watannin nan ma Twitter a rufe take a Nijeriya duka, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. To, ɗakin karatun da duk dukiyarsa ke kan intanet, ranar nan ya zama kango. Saboda haka darasin da muke ganin ya fi kowane muhimmanci shi ne na saukewa: ranar da akwai sabis a kwaso, a zuba a kwamfuta, ranar da babu a buɗe wa jama'a. Akwai manhaja mai suna Kiwix wadda ke ɗauke da Wikipedia ba tare da intanet ba. Jami'ar karatu daga gida, watau NOUN, ta saka littattafan darussanta kyauta. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina kowace shekara, abin da manomin fadamar Gummi ke bukata tun kafin ya yi shuka. Tun 2015 kuwa jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta ɗungum, ga shi yaro daga ƙauye sau da yawa ranar jarrabawa ce ranar da ya fara ɗora yatsa a kan madannai. Kwamfuta biyar da farantan sola a ɗakin karatu, da mutum ɗaya da ya san kansu, sun isa su kawar masa da wannan fargaba.

Ba karɓa kaɗai za a yi ba, akwai abin bayarwa. Anka gari ne mai tarihi, nan sarautar Zamfara ta zauna bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara. Cikin shekarun 1950 wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zo ya zauna da dattawan Anka ya rubuta abin da suka gaya masa na sarakuna da yaƙe-yaƙe, aka buga littafin a Balin cikin 1959, da Jamusanci. Mu tambayi malamanmu, ɗalibi nawa ne a Anka ya taɓa ganin bangon littafin nan, balle ya karanta? Kakanninsa ne suka faɗa, amma sai ya koyi harshen wata ƙasa kafin ya ji. Irin wannan giɓi ne kwas ɗin AfLIA ya nufa, kuma akwai Wikipedia ta Hausa wadda ƙofarta ke buɗe ga kowa. Amma ba ta karɓar zance sai da madogara, neman madogara kuwa shi ne ainihin sana'ar ma'aikacin laburare. Da wayar da ke aljihunsa zai iya ɗaukar hoton tsofaffin takardun ajami da ke gidajen malamai, in masu su sun yarda, ya kuma ɗauki muryar tsofaffin da suka rage kafin su bi na gabansu.

Saura maganar wanda za a aika kwas, kuma a nan muke jawo hankalin shugabannin ƙananan hukumomi uku da sakatarorin ilmi. Kowa ya san yadda akan yi: takardar gayyata ta zo, a ga akwai kuɗin guzuri, sai a tura babba wanda ya kusa ritaya, ko ɗan gaban goshi wanda bai taɓa zama ɗakin karatu ba. Wanda ya je da gaske kuwa, ya dawo da himma, bayan wata uku a yi masa canji zuwa ofishin haraji. A aika wanda ke riƙe da mabuɗin, a bar shi a wurin ko shekara uku ne. A kuma aika mace tare da shi, domin maganar dalma da ta allurar rigakafi a cikin gida ake yin ta, inda namiji baƙo ba ya shiga. Sa'an nan a yanka kuɗin data da na gyaran batir cikin kasafin kowane wata, a rubuce, kamar yadda En'e kan yanka na kananzir ɗin fitila da na jarida. In ba a yi haka ba malamin zai saya daga albashinsa wata ɗaya, ko biyu in mai haƙuri ne, a na uku ya kulle ɗakin ya koma aji.