Daga madubin Webb zuwa madatsar Zobe: me Najeriya za ta ƙaru da shi?

A ranar 11 ga watan Yulin 2022, shugaban Amurka na wancan lokaci, Joe Biden, ya gabatar wa duniya hoton farko da na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauko. Hoton ya nuna dubban gungun taurari a wani ɗan gurbi na sama wanda bai wuce girman ƙwayar rairayi ba, idan mutum ya ɗora ta a yatsa ya miƙa hannunsa.

Tun daga lokacin hotunan na'urar suke ta yawo a duniya, har a wayoyin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. To amma a yankin da manomi ke zullumin ruwan noman rani da kuma tsaron gonarsa, tambayar da ke tasowa ita ce ko wannan bincike mai cin dimbin kuɗi na da abin da zai tsinana wa talaka.

Abin da hotunan ke nunawa

An harba na'urar Hubble a watan Afrilun 1990, kuma tana kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 500. Dalilin kai ta can shi ne iskar da ta lulluɓe duniya, da ƙura da gajimare, suna dusashe hasken taurari kafin ya iso ƙasa. Duk wanda ya ɗaga kai sama a Kurfi lokacin hazon hunturu ya san wannan matsala.

Da farko hotunanta sun fito dishi-dishi saboda kuskuren da aka yi wajen goge madubinta mai faɗin mita 2.4, sai da 'yan sama jannati suka je suka gyara ta a watan Disambar 1993. Shekaru biyu bayan haka ta ɗauko hoton wasu ginshiƙan ƙura da iskar gas inda sababbin taurari ke ƙyanƙyashewa, a nisan da haske ke shafe kimanin shekaru 6,500 kafin ya ratsa.

Ita kuwa Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disambar 2021 daga Kourou a yankin Guiana na Faransa, madubinta ya kai mita 6.5, tana kuma zaune a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya. An kashe mata kimanin dala biliyan 10. Ta nuna zobban duniyar Neptune a fili, ta kuma hango gungun taurarin da haskensu ya baro su fiye da shekaru biliyan 13 da suka wuce.

Sai dai launukan da ke ƙawata hotunan ba su ne ido zai gani ba. Webb na aiki ne da wani nau'in haske da ke bayan ja, wanda idon ɗan Adam ba ya iya gani. Masana ne ke bai wa kowane zango na wannan haske launi, domin a bambance ƙura da iskar gas da taurari.

Idan aka juyo da madubin ƙasa

A nan ne batun ya shafi Zobe. Irin wannan dabara ce taurarin ɗan Adam masu leƙen doron ƙasa ke amfani da ita. Ganye mai lafiya na mayar da wannan haske da ƙarfi, ruwa kuwa shanye shi yake yi. Saboda haka a hoto guda ana iya auna faɗin ruwan madatsa, da yawan kadadar da aka noma, da inda amfanin gona ya fara jin ƙishi.

Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, da aka fara harbawa a 2015, suna ratsa kowane yanki kusan duk bayan kwana biyar, kuma hotunansu kyauta ne. Amurka ma ta buɗe rumbun hotunan Landsat kyauta tun 2008, rumbun da ya faro daga 1972. Wato akwai tarihin Zobe a hoto tun kafin a datse kogin Karaduwa.

An kammala madatsar a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da nufin samar da ruwan sha da noman rani a dubban kadada. Amma ta daɗe ba a ci moriyarta yadda aka tsara ba. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin ruwan sha na Zobe, shekaru 38 bayan gina ta.

Tambayoyin da suka dami mutanen Dutsin-Ma, kamar yadda ruwan ke ja da baya a bazara, da yadda yashi da laka ke cin bakin tafkin, da gonakin da aka ƙaurace wa saboda hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu, duk abubuwa ne da hoto daga sama zai taimaka wajen aunawa.

Najeriya da taurarinta

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ta kafa hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA a 1999, ta kuma harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumbar 2003. Tauraron, wanda wani kamfanin Ingila ya ƙera, yana cikin waɗanda suka ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005.

Tauraron sadarwa na NigComSat-1, da aka harba daga Sin a 2007, ya daina aiki a watan Nuwambar 2008 sakamakon matsalar lantarki, lamarin da ya ƙarfafa masu cewa ƙasar da ba ta wadata da ruwan famfo ba, ba ta da hurumin zuba kuɗi a sama. A 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun kuwa injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi yayin samun horo a Ingila.

Masu wannan suka na da hujja. Amma ita ma Webb ta sha jinkiri na shekaru da dama, kuɗinta ya ninninka, har wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya nemi a soke aikin a 2011. Abin da ya cece ta shi ne akwai dubban masu bincike da ke jiran bayananta, waɗanda suka hau aiki a kansu da zarar sun iso. Wannan shi ne gurbin da Najeriya ta fi rauni: tauraro ko madatsa, ginawa daban, amfani daban.

Gadon da ake da shi

Duban sama ba sabon abu ba ne a ƙasar Katsina. Manoma sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara da Gamzaki, malamai kuma na lissafin taurarin damina. Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari ɗan Katsina, ya yi rubuce-rubucensa har ya rasu a birnin Alƙahira a 1741. Har yau kuma ganin jinjirin wata ne ke tsayar da azumi da salla, bisa sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga sun shiga binciken taurari gadan-gadan. Afirka ta Kudu ta buɗe na'urar MeerKAT mai faifai 64 a 2018, Ghana kuma ta mayar da wani tsohon faifan sadarwa a Kuntunse na'urar sauraron taurari a 2017. Ribar da suke hange ta haɗa da matasan da ke ƙwarewa a lissafi da sarrafa bayanai, waɗanda ake buƙata a noma da lafiya da hasashen yanayi.

Bayanan Hubble da Webb na zama a buɗe ga kowa bayan wani ɗan wa'adi. Ɗalibi a jami'ar Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ba ya buƙatar roka domin ya yi nazarinsu. Abin da yake buƙata shi ne kwamfuta da intanet da wutar lantarki, da malamin da zai ɗora shi a hanya, da kwanciyar hankalin zama a aji.

Ƙwarewar da zai samu wajen tace hoton gungun taurari ita ce dai za ta ba shi damar gaya wa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima yawan ruwan da ya rage a Zobe kafin manoman tumatir da alkama su yi shuka. Abin jira a gani shi ne ko hukumomin tarayya da na jihar Katsina za su nemi irin wannan bayani, su kuma yi aiki da shi.