Ninkin Laima Ba Aikin Garaje Ba Ne

Ana ta yabon jarumtakar masu dirowa daga jirgi, amma a ganina aikin yana wurin mai ninke laima. Mutum na faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa. Abin da ke hana laimar fizgarsa farat ɗaya wani ɗan ƙyalle ne mai zobba huɗu, da ke zamewa bisa igiyoyin laimar yana rage saurin buɗewa. In mai ninki bai tura shi can sama ba, ko ya bar robobin da ke riƙe igiyoyin sako-sako, laimar kan buɗe da ƙarfin da ke gurɗe wuya, har ya karya ƙashi. Shi ya sa nake ganin dokar Amurka da ta ce ƙwararre ya sake ninke laimar ko-ta-kwana duk kwana 180 ta yi daidai.