Takardar da ke shiga biro kafin mai ita

Duk wanda ya tashi a Kiyeshe, kudu da Dogon Dutsi, ya san ƙugin manyan motoci tun kafin ya san harafin farko a lakwal. Hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa Arewa, kuma a kanta albasar Galmi ke gangarawa, a kanta shinkafa da sukari da siminti ke haurawa zuwa Ƙonni, Maraɗi da Damagaram. Samarin wannan yanki da yawa sun ci abinci a bakin wannan hanya: wani ɗan dako, wani yaron mota, wani ɗan kamasho, wani kuma mai riƙe da littafin mangaza. Daga cikinsu akwai waɗanda suka kai matsayin da za su iya riƙe tashar kaya sukutum. Amma ranar da sanarwar neman shugaban tasha ta fito a jaridar Le Sahel, ko aka liƙa ta a ofishin ANPE, sai a tarar takardarsu ce ta farko da ake turewa gefe.

Aikin ba mafarki ba ne ga ɗan jihar Doso. A shekarar 2014 gwamnati ta damƙa wa kamfanin Bolloré Africa Logistics tashar tudu ta Doso tare da reshenta na Yamai, na tsawon shekara 20, da nufin kayan da aka sauke a bakin teku su zo su kammala sha'aninsu na duwan a cikin gida. An kuma shimfiɗa layin dogo na kilomita kusan 140 tsakanin Yamai da Doso, aka yi bikinsa a watan Janairu na 2016, sai dai rigimar shari'a a Benin ta tsayar da ragowar aikin da zai haɗa shi da Paraku. A ƙarshen 2022 kamfanin MSC ya sayi harkokin Bolloré na Afirka, aka sauya musu suna zuwa AGL a 2023. Ban da wannan, ƴan tiranzit, manyan ƴan kasuwa masu mangazu, ƙungiyoyin masu motoci da hukumomin agaji duk suna buƙatar mutumin da zai tsaya tsakanin kaya, mota da takarda. Daga Kiyeshe zuwa Doso kuwa kilomita ɗari ne da ƴan kai.

Takardar da ake magana a kanta ita ce wadda ake kira curriculum vitae, ko CV a taƙaice. Ba ita kaɗai ake kaiwa ba. Galibi ana haɗa ta da wasiƙar neman aiki, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu da ba ta wuce wata uku ba, da kofen diploma da hukuma ta buga wa hatimi. In ban da wasiƙar, waɗannan duka hukuma ce ke rubuta su, mai neman aiki tamburi kawai yake saye. CV da wasiƙar ne kaɗai yake rubutawa da kansa, kuma nan ne ake faɗuwa.

Dalilin faɗuwar yana da tushe a tarbiyya. An horar da ɗan Arewa kada ya yabi kansa, an ce masa yabon kai jahilci ne, don haka idan ya zo kan shekara takwas da ya yi a mangaza sai ya rubuta kalma biyu, magasinier da shekarun, ya wuce. Wani kuma sai ya kai wa mai buga takardu a bakin kasuwa, a kwafo masa tsohuwar CV ta wani, a cika ta da kirari: mai himma, mai gaskiya, mai son aiki tare da jama'a. Darektan da ke da dosiye hamsin a gabansa ya ga wannan kirarin sau hamsin. Abin da yake nema amsar tambayoyi ne ƙalilan: mota nawa ke shiga hannun wannan mutum a yini, ton nawa, ma'aikata nawa ke ƙarƙashinsa, kuma me ya ɓace a lokacinsa. Faɗin adadi ba yabon kai ba ne, shaida ce, irin wadda ɗan kasuwa ke bayarwa in an tambaye shi buhu nawa ya auna.

A ɗauki misali. Maimakon a ce "na kula da mangaza", sai a ce daga shekara kaza zuwa kaza an riƙe mangaza mai cin ton kaza, ana loda mota kaza a mako, da lebura kaza da magatakarda kaza, kuma lissafin ƙarshen shekara ya fito daidai da abin da ke ƙasa. In an taɓa rage kwanakin da mota ke yi tana jiran lodi, a faɗi daga kwana nawa zuwa nawa. Kuɗi kuma a rubuta su da faran CFA. Wanda ya saba da lissafin dala da jika yakan manta cewa dala ɗari biyu a bakinsa faran dubu ne a takarda, kuma kuskure irin wannan a CV ta mai neman riƙe lissafin tasha ya isa ya rufe masa ƙofa.

Bayan adadi sai sanin takardu, domin rabin aikin shugaban tasha a kan tebur yake. Ya kamata CV ta nuna, a gurbin da aka yi aikin, cewa mai ita ya taɓa riƙe connaissement na jirgin ruwa da takardar rakiyar kaya ta mota, ya san takardar bin sawun kaya ta hukumar CNUT, kuma ya san yadda ake shigar da bayani a SYDONIA, manhajar da duwan ke aiki da ita. Ya nuna ya san bambancin kwantena mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40, da tarar da kamfanin jirgi ke ɗorawa a kan kowace rana in kwantena ta wuce wa'adinta ba a mayar ba. Wannan tara ita ce ke cinye ribar ɗan kasuwa a ɓoye, kuma duk wanda ya iya cewa ya taɓa kare maigidansa daga gare ta ya faɗi abin da ya fi diploma nauyi. Haka nan dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda ta ƙayyade nauyin da kowane essieu na mota zai ɗauka. Direba yana son ƙarin lodi, mai kaya yana so, hanya ce kaɗai ba ta so, kuma shugaban tasha ne ke tsaye a bakin sikeli yana cewa a'a. Sai tsohon rabon nan na kashi biyu cikin uku ga motocin Nijar, kashi ɗaya ga na ƙasar da ke da tashar ruwa. Wanda ya taɓa raba layi tsakanin direbobin ƙasa biyu ba tare da an ɗaga sanda ba ya rubuta hakan, don ba ƙaramin ilimi ba ne.

Akwai kuma abin da CV ta shekarun baya ba ta buƙata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta rufe, hanyar Kwatano mai kilomita dubu da ɗoriya ta tsaya. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren iyakar a rufe a lokacin, kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja. A Janairu 2025 kuma ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata. Mai neman aikin da bai san komai ba sai Kwatano da Paraku ya san rabin sana'ar ne. Wanda ya yi aiki a waɗannan shekaru ya faɗi yadda ya tsara mangaza a makon da ba mota ko ɗaya, da ranar da ayari ya iso gaba ɗaya.

Babbar matsalar ɗan Kiyeshe ita ce shaidar aiki. Yawancin abin da ya koya a hannun wani Alhaji ya koye shi, ba kwantaragi, ba lambar CNSS, sai amana. Kada ya ɓoye waɗannan shekaru don kunyar ba su da hatimi. Ya je ya gai da maigidan, ya roƙe shi takarda mai layi biyar da sa hannu, wadda ta faɗi shekarun da irin aikin, ya kai a tabbatar da sa hannun a ofishin magajin gari. Ya kuma nemi izininsa kafin ya sa sunansa cikin waɗanda za a tuntuɓa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ƙarya. Duniyar sufuri ƙarama ce, daga Dutsi zuwa Gaya kowa ya san kowa, kuma waya ɗaya ta isa ta tona BTS ɗin da ba a yi ba. Wanda ya tsaya a BEPC ya rubuta BEPC, ya sa shi a ƙasa, ya bar aikinsa ya hau sama, na baya-bayan nan a farko.

Harsuna ma a rubuta su. Ƴan takara da yawa sukan sa faransanci da ɗan ingilishi, su bar hausa da zabarmanci kamar abin kunya, alhali da su ake sasanta direba da lebura a tsakar rana. Wanda ya yi cirani a Kamba ko Sakkwato, ya iya ciniki da naira, shi ma yana da abin faɗi.

Wasu za su ce duk wannan wahalar banza ce, aiki sai da hanya. Ba a musun cewa hanya tana aiki. Amma ko wanda zai yi wa mutum magana yana buƙatar takardar da ba za ta ba shi kunya a gaban darekta ba. Shafi biyu sun isa, ba goge-goge, da lambar wayar da ke shiga ko mutum yana gona lokacin damina. Wanda ya san faransanci sosai, malamin lakwal ko magatakardan komin, ya duba ta sau ɗaya. A yi kofe biyu, a kai dosiye kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, kuma a karɓi takardar shaidar an ajiye kafin a nufi tashar motar Dutsi.