Paskal da amfanin kwafi na biyu

Daga garin Sarkin Hausa zuwa Mayahi da Tasawa, malamin makaranta a waya yake tsara darasinsa yanzu, mawaƙi a waya yake tara baitocinsa, ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ma haka. Waya kuwa tana faɗawa ruwa, ana zare ta ranar kasuwa, wani lokaci ta mutu a hannun mai caji. Sai ka ji mutum yana ta salati, aikin shekara ya tafi.

Kwanan nan na fara karanta Pensées na Paskal, masanin lissafi da falsafa na Faransa, sai na ga tarihin littafin kansa darasi ne gare mu. Paskal ya rasu a 1662 yana da shekara 39, bai kammala aikin ba. Abin da ya bari guntayen takardu ne, wasu ya huda su ya zura musu zare, ya ɗaure su ƙulli-ƙulli bisa maudu'i. Danginsa suka sa aka kwafe komai yadda aka tarar da shi, har kwafi biyu. A 1670 aka buga wani zaɓi daga ciki, an gyara an rage. Daga baya aka manna takardun asali a babban kundi ba tare da bin tsarinsa ba, ƙullin ya wargaje.

Da don asalin kaɗai ne, da ba wanda zai san yadda Paskal ya jera tunaninsa. Kwafin nan da aka ɗauka ba komai ba ne su suka ceci tsarin: da na farko wani masani mai suna Luwi Lafuma ya yi aiki bayan shekara kusan 300, ya maido da jerin mai littafin.

To, mu da gara da ɗigar ɗaki suka sha cinye mana littattafan kakanni, ba mu da uzuri. Duk abin da ka rubuta, ka yi masa gida biyu bayan wayarka: katin memori a akwati, da imel ko Google Drive duk lokacin da intanet ta samu. Wanda ya kammala, ka buga shi a takarda in ka shiga Tasawa, ka ba ɗan'uwa ajiya. WhatsApp ba ma'aji ba ne. Canza waya kawai na iya share maka abin da ka ajiye a ciki.

Ɗalibanmu na ajin ƙarshe a lise sun san Paskal ta taƙaitaccen bayanin da ake haddacewa don jarrabawar bak. Ina ba su shawara su buɗe littafin da kansu, don gajerun sassa ne, ana iya karanta ɗaya tsakanin magariba da isha. Da tsohuwar zuma ake magani. Tun da Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025, wani cikinsu ne zai fassara mana shi. In ya fara, kada ya kwana shafin farko yana wuri ɗaya.