Lissafin saniya: abin da Holan ta manta ta sa a ciki

A ranar 1 ga Oktoban 2019 manoman Holan suka fito da taraktocinsu suka nufi birnin Heg, har cunkoson motoci a titunan ƙasar ya haura kilomita 1,000 a safiyar. Mako biyu bayan haka suka sake yin gayya, wannan karon zuwa Bilthoven, ƙofar cibiyar RIVM mai kula da lafiyar jama'a da muhalli. Abin da ya kai su can shi ne wani lissafin kwamfuta mai suna AERIUS, wanda ke ƙiyasta yawan sinadarin naitirojin da ke tashi daga garken manomi da inda yake sauka. Manoma suka ce lissafin ya yi musu ƙazafi. Ina ganin masu tsara mana harkar madara a Abuja da jihohi ya kamata su zauna su nazarci wannan rigima, domin mun fara ɗaura ɗamarar bin hanyar da ta haifar da ita.

Holan ba ta kai jihar Kaduna faɗi ba, amma tana da shanun tatsa wajen miliyan ɗaya da rabi, kowace tana ba da kusan lita 9,000 a shekara. Gonakin ƙasar kaɗai ba sa iya ciyar da irin wannan garke, saboda haka waken suya da sauran abincin dabbobi ke shigowa ta jirgin ruwa daga Brazil da wasu wurare. Madara da cuku su fita kasuwannin duniya, har da namu, tunda kamfanin da ke yin madarar Peak ɗan can ne. Kashin shanu kuwa ba ya zuwa ko'ina. Yana nan yana tsiyaya cikin ruwan ƙasa, iskar amoniya tana tashi daga gare shi tana sauka a dazuzzukan da doka ta keɓe.

A 2015 Tarayyar Turai ta cire ƙayyade yawan madarar da manomi zai samar, dokar da ke aiki tun 1984. Lissafin banki ya ce a faɗaɗa, manoma suka ci bashi suka gina manyan garake. Nan da nan ƙasar ta zarce iyakar sinadarin fosfet da aka yarje mata, a 2017 aka tilasta rage shanu, daga 2018 kuma sai ka sayi izini kafin ka ƙara saniya. A watan Mayun 2019 babbar kotun harkokin mulki ta rushe tsarin da gwamnati ke ba da lasisin ayyukan da ke fitar da naitirojin da shi, dubban ayyukan gini suka tsaya cak.

Kada wani ya ce rashin ilimi ne. Tun 1992 suke da gonar gwaji mai suna De Marke a yankin Gelderland, a kan ƙasa mai yashi wadda ba ta riƙe taki. Dabararsu mai sauƙin fahimta ce. Duk abin da ya shigo ta ƙofar gona, takin zamani ne ko abincin shanu, a auna sinadarin da ke cikinsa. Duk abin da ya fita, madara ko nama, shi ma a auna. Abin da ya rage a tsakani shi ne wanda ya zube a ruwa da iska. Suka riƙa juya ciyawa da masara a fili ɗaya, suka rage furotin a abincin shanu, suka daina watsa kashi a sarari. Asarar naitirojin ta sauka ƙasa da rabin ta maƙwabtansu, madara ba ta ragu a zo a gani ba, sai dai kuɗin aiki ya ɗan ƙaru. Daga wannan aiki aka samo manhajar KringloopWijzer da masu kiwon shanun tatsa ke cikewa duk shekara.

Wato shafin kuɗi ya sami alƙaluma, shafin ƙasa da ruwa ma ya samu. Wanda aka bari kusan fayau shi ne na mutane. A watan Yunin 2022 gwamnati ta fitar da taswirar da ta nuna yankunan da za su rage naitirojin da kashi 70, wasu har 95 cikin 100. Taswirar ba ta san cewa mai gonar nan yana da bashin da ya ci bisa shawarar 2015 ba, ba ta san yana da ɗan da ke jiran gado ba. A zaɓen larduna na Maris 2023 jam'iyyar manoma ta BBB, wadda ba ta fi shekara huɗu da kafuwa ba, ta zo ta ɗaya a dukkan larduna 12.

Mu matsalarmu a juye take. Su taki ya yi musu yawa, mu nemansa muke. Marigayi Michael Mortimore da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna bincike a ƙauyukan kewayen Kano, inda ake noma gona ɗaya duk shekara ba hutu, suka nuna cewa abin da ya riƙe ƙasar shi ne zagayen da ke tsakanin shuka da dabba: harawar wake da ta gyaɗa su shiga cikin dabba, taki ya koma gona a mangalar jaki. Manomin Gezawa ko Bichi yana yin irin lissafin De Marke a kansa, ba takarda. Bayan girbi yana tsaye gaban tarin harawa, yana auna ko ya ba saniya mai shayarwa, ko ya ɗora a kan rufi har bazara lokacin da dami zai yi tsada. Karan dawa kuma masu nema huɗu gare shi: dabba, danga, murhu, da ita kanta gonar da ke son a bar mata wani abu ya rufe ta daga iska. Duk wanda ya samu, wani ya rasa. Idan manhaja ta ce a ba shanu duka domin lita ta ƙaru, to ta faɗa mana da me uwargida za ta dafa tuwo, da kuma yadda gonar za ta kasance bayan shekara goma.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Saniyar Bunaji ba ta sakin nono sai ɗan maraƙi ya fara tsotsa, kuma abin da ake samu bayan an bar masa rabonsa bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba. A kan wannan ɗan abin akwai ciniki na cikin gida da baƙo ba ya gani. Maigida idonsa yana kan maraƙi, domin shi ne garken gobe. Matar gida idonta yana kan ƙwarya, domin a al'adar Fulani nonon da aka tatsa nata ne. Ann Waters-Bayer ta rubuta wannan dalla-dalla a shekarun 1980, bayan zamanta da Fulanin da suka zauna a kudancin Kaduna. Mace ba ɗanyar madara take kaiwa kasuwa ba. Tana kaɗa ta cire man shanu ta sayar daban, ta haɗa nono da fura ta sayar ludayi-ludayi, kuɗin ya tafi cefane, sabulu, maganin yara da kayan ɗakin 'yarta. Ranar da aka buɗe cibiyar tara madara, aka ce za a riƙa biya ta asusun banki, sai a tambaya: asusun wa? Jimillar kuɗin gida na iya ƙaruwa a takarda, alhali hannun da ke sayen abincin yara ya koma wayam. Rahoton shiri zai kira wannan nasara, domin gida ɗaya yake ƙirgawa da aljihu ɗaya.

Ba na adawa da cibiyoyin tara madara. Matar da ke taka tafiyar sa'o'i da ƙwarya a ka, a wannan zamani na rashin tsaro, tana da dalilin son mai saye a kusa, musamman da damina lokacin da nono ke yawa farashi ya faɗi. Ba na kuma adawa da gonar da kamfanin Arla ya buɗe a Damau ta ƙaramar hukumar Kubau a 2023 da shanun Holstein daga Denmark. Kamfani yana da injin sanyaya garke da likitan dabbobi. Abin tsoro shi ne a ɗauki alƙaluman irin wannan gona a yi wa mai shanu biyar alkawari da su. Saniyar da ke ba da madara mai yawa tana iya shan lita 100 na ruwa a rana, tana son abinci mai kyau har a watan Afrilu, kuma ba ta jure kaska da zafi kamar Bunaji ko Bokolo. Idan ta faɗi, jarin gida ne gaba ɗaya ya faɗi.

Tun Yulin 2024 muna da ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, kuma maganar da ake yawan ji ita ce ta dala biliyan ɗaya da rabi da ake cewa muna kashewa wajen shigo da madara duk shekara. Wannan lissafin baitulmali ne, yana da muhallinsa. Na gona kuwa muna da masu iya yin sa a Shika da Samaru, wato cibiyoyin bincike na NAPRI da IAR, ga kuma ofishin cibiyar IITA na Kano da ya daɗe yana aiki a kan wake mai ba da ƙwaya da harawa tare. A ba su kuɗin da za su bi wasu gidaje na gaske a Kano, Jigawa da Adamawa na tsawon shekaru, da damina mai kyau da marar kyau, suna auna abin da ya shiga gona da abin da ya fita, da sa'o'in da yara ke yi wajen yankan ciyawa a ranakun makaranta, da kuɗin da ke shiga hannun mace daban da na miji. Masu tambayar matan kuma su zama mata masu jin Fulfulde. Sakamakon ya fito kafin a sa hannu a kan wani shirin rabon shanun waje, kuma a karanta shi a gaban ƙungiyoyin manoma da makiyaya su faɗi inda bai yi daidai ba.